Jinyar wanda aka harba da bindiga: abin da mai jinya zai sa wa ido tun daga ƙofar asibiti har sallama

Gidaje da yawa a Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja sun san irin wannan kiran wayar: an tare hanya, ko an shiga gari cikin dare, wane ya samu harbi, ana hanyar asibiti da shi. Daga nan hankalin kowa kan tattara wuri ɗaya, a shiga tiyata a fito lafiya. Da likita ya leƙo ya ce an gama, sai a yi hamdala, 'yan rakiya su watse. Amma tiyata awa uku ce ko huɗu, jinya kuwa makonni ce, wani lokaci watanni. Abubuwan da ke kayar da wanda ya fito tiyata da ransa, wato ruɓar rauni, yoyon hanji, gyambon kwanciya da daskarewar jini, duk a kan gado suke farawa, kuma kowannensu yana nuna alama kafin ya yi ƙarfi. Nas ɗaya kan riƙe gadaje da yawa, musamman da dare. Wanda ke zaune a gefen gadon shi ne zai fara gani, in ya san abin da yake dubawa.

Awannin farko

Idan ba a kai ga asibiti ba tukuna, aikin ɗaya ne: tsayar da jini. Babban mutum na da jini kimanin lita 5, kuma in babbar jijiyar cinya ta tsinke yana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci. A dunƙule tsumma mai tsabta, rawani ko ɗankwali, a cusa a bakin raunin, a danne da hannu biyu da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Idan a hannu ko ƙafa ne kuma jinin na tsartuwa duk da dannawar, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya, sannan a riƙe lokacin da aka ɗaure. Siririyar igiya da waya yanka nama suke yi. Kada a kwance ɗaurin a hanya. A lulluɓe shi da bargo, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da kyau, kuma ko ya roƙi ruwa kada a ba shi, saboda allurar barcin da ke jiransa.

A Najeriya akwai dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba. Ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara magani. In wani ya ce sai kun kawo takarda, ku nemi babban likitan da ke bakin aiki cikin ladabi ku tuna masa.

Ku faɗa wa likita ƙarfe nawa aka yi harbin, wace irin bindiga ce in an sani, yaushe ya ci abinci na ƙarshe, yana da ciwon suga, hawan jini ko sikila, akwai maganin da ba ya karɓarsa, in mace ce ko tana da ciki. Lokacin harbin na da muhimmanci, saboda akwai allurar rage zubar jini da amfaninta ke cikin awa 3 na farko. A tabbatar an yi masa allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Tun ana shirin tiyata a tura matasan gida ɗakin ajiyar jini. Mai bayarwa ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, ya ci abinci, kuma bai bayar ba cikin wata uku da suka wuce. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, jiki kan mayar da ita. A kawo mutum huɗu ko biyar, domin gwaji kan fitar da wasu, kuma harbin ciki ko na cinya kan ci leda da yawa. Idan an ɗaura jini, ka zauna ka zuba masa ido minti 15 na farko. Rawar sanyi, ƙaiƙayi, ciwon baya ko sarƙewar numfashi, a kira nas nan take ta tsayar.

Rabon aiki a gida

Tun ranar farko a raba aiki tsakanin mutum uku. Ɗaya mai kwana a gefen gado, da wanda zai riƙa canjinsa, don wanda ya yi kwana uku ba barci ba ya ganin komai. Ɗaya mai zirga-zirga tsakanin wurin biyan kuɗi, ɗakin gwaji da kantin magani. Ɗaya mai magana da likitoci, wanda zai sa hannu a takardar amincewa da tiyata, kuma dangi su yarda da shi tun yanzu. Ana yin asarar awanni masu tsada wajen jiran wani kawu da ke nesa ya ɗaga waya.

Ku sayi littafi mai bango biyu. A gefe ɗaya kuɗi: abin da ya shigo na gudummawa, abin da ya fita, da rasit. A ɗaya gefen jikin mara lafiya: zafin jiki, yawan fitsari, abin da ya ci, lokacin kowace allura, da tambayoyin da za a yi wa likitoci idan sun zo zagayen safe. Zagayen nan gajere ne, wanda ya fita sayen koko a lokacin sai gobe. In kuɗi ya yanke, manyan asibitocin gwamnati na da ofishin jin daɗin marasa lafiya, a je a yi bayani tun kafin a fara tsallake magani. Kuma idan ba a san wanda ya yi harbin ba, kada a sa hotonsa ko sunan ɗakin da yake a Facebook ko WhatsApp.

Me ya sa ba a ɗinke raunin ba, me ya sa aka bar harsashin

Nan ne dangi suka fi samun saɓani da likitoci. Harsashin AK-47 na fita daga bakin bindiga da gudun da ya kai mita 700 a daƙiƙa ɗaya. Ƙofar da ya shiga ƙarama ce, ba ta fi kan yatsa ba, amma a ciki yana buɗe nama ya dagargaza shi nesa da hanyar da ya bi, kuma yana jan ƙura da yagin tufa zuwa ciki. Bindigar toka kuma warwatsa ƙananan ƙarafa take yi da datti. Saboda haka aikin farko na likita shi ne ya faɗaɗa raunin, ya yanke duk mataccen nama, ya wanke, ya bar shi a buɗe da bandeji mai kauri. In an ɗinke a ranar, an rufe ƙwayoyin cuta ke nan a wurin da babu iska, wurin da suka fi so. Yawanci bayan kwana 4 zuwa 7 ake komawa a duba, in naman ya yi ja mai tsabta a ɗinke, ko a ɗauko fata daga cinya a lulluɓe. In bai yi ba a sake yankewa. Komawa tiyata sau biyu ko uku a irin wannan rauni ba alamar an yi kuskure ba ce.

Harsashin kuma ba kullum ake cire shi ba. Ɓarnar da zai yi ya riga ya yi ta lokacin wucewa, kuma tono shi daga cikin tsoka na iya tsinka jijiyar da ta tsira. Akan cire wanda ke cikin gaɓa, ko yake danne laka ko babbar jijiya, ko wanda ya tara mugunya, ko yake ƙarƙashin fata yana damu. Mutane da dama na rayuwa da harsashi a jiki shekara da shekaru. In an cire, shaida ce ta bincike, asibiti ne ke ajiyewa.

Bandeji ba na mai jinya ba ne, kada ka buɗe wa masu dubiya su gani. Toka, garin magani, man shanu, tofi da yawu, ko ɗaya kada ya taɓa raunin. Ko zuma, da wasu asibitoci ke wankin ciwo da ita, sai ma'aikata sun ce. Naka shi ne ka duba daga waje: ya jiƙe da sabon jini ja? Yana wari? Fatar gefe ta yi ja, ta kumbura, ko jan yana yaɗuwa? In kana shakka, zagaye iyakar jan da biro, bayan awa uku ka sake dubawa.

Lambobin da ya kamata ka sani

Ka mallaki ma'aunin zafin jiki da agogo mai daƙiƙa. Zafin da ya kai 38 abin faɗa ne. Bugun zuciya, wanda za ka ƙirga a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, in ya haura 110 a minti yana kwance kuma yana ƙara hawa, a sanar. Numfashi in ya wuce 24 a minti, haka. Fitsari shi ne madubin ƙoda: babban mutum mai kilo 60 ya kamata ya tara aƙalla mililita 30 a awa, wato kusan 250 a awa takwas. Jakar fitsari na da zane, ka karanta kafin a zubar ka rubuta. Ta zauna ƙasa da mararsa kullum, kada ta taɓa ƙasa, kada robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya.

Alamar da aka fi rainawa ita ce canjin hankali. Mutumin da jiya ya gane kowa, yau yana sambatu, yana fizge roba, ko barci ya yi masa yawa ba ya amsawa sosai, sau da yawa cuta ce ta shiga jini, ko iska ta yi masa ƙaranci. Kada a ce aljanu ne, kada a jira safiya. Haka zazzaɓi bayan tiyata, kada a yanke cewa na sauro ne a sayo magani a waje. A yi gwaji, a duba rauni, huhu, fitsari da wurin allurar ƙarin ruwa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta sau uku a rana, ma'anarsa duk awa 8, har da na tsakar dare. In ku ke saye, ku tanadi na gobe tun yau, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wasu alluran, irin jentamaisin, na taɓa ƙoda da ji, don haka in fitsari ya ragu ko kunne ya fara ƙara a faɗa.

Idan a ciki ne

Bayan an buɗe ciki, hanji kan yi kwanaki bai motsa ba. Shi ya sa ake zura roba ta hanci tana janyo koren ruwa, a rubuta kada a ba shi komai ta baki. Komai na nufin komai: ruwa, shayi, kunu, rubutu, zamzam. Tausayi ne ke sa uwa ko mata ta faki ido ta ba shi kurɓi biyu, amma abin da ke biyo baya shi ne kumburin ciki, amai, amai ya faɗa huhu, ko ɗinkin hanji ya saki. In ƙishi ya dame shi, jiƙa auduga ka goge masa leɓe da harshe. Alamar hanji ya farka ita ce fitar iska, kuma duk da kunya sai an tambaye shi kullum. Daga nan likita zai ce a fara kurɓar ruwa, sai ruwan shayi, sai koko marar yaji, a hankali.

Kwana na 5 zuwa na 7 su ne na sa ido sosai, lokacin ne ɗinkin hanji kan yi yoyo idan zai yi. Mutum ya fara samun sauƙi, sai ga zazzaɓi, zuciya na gudu, ciki ya ƙara ciwo ya yi tauri, ko ruwan da ke fita ta robar gefen ciki ya koma kore ko mai warin bayan gida. In ka ga ruwa mai yawa ja-ja kamar wankin nama ya jiƙa bandejin tsakiyar ciki, ɗinkin ne ke shirin buɗewa: ya kwanta, kada ya yi yunƙuri, a kira likita. In har hanji ya leƙo kada a tura shi, a rufe da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ledar ƙarin ruwa.

Wani lokaci likita kan fito da bakin hanji ta gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka, domin wurin da harsashi ya fasa ya huta ya warke. Wannan na karya zuciya fiye da raunin kansa, don haka ka gaya masa tun wuri cewa a harbin bindiga yawanci na ɗan lokaci ne, akan mayar bayan kamar wata uku in jiki ya murmure. Bakin hanjin ya kasance ja mai damshi kamar cikin baki. In ya yi baƙi ko shuɗi, gaggawa ce. A zubar da jaka in ta kai sulusi ko rabi, kafin nauyi ya ɓamɓare ta. A yanke ƙofar jakar daidai da bakin hanjin, in ta yi faɗi kashi zai cinye fatar gefe. Ruwa zalla ya isa wanke wurin, a bari ya bushe sarai kafin a liƙa sabuwa. In abin da ke fita ruwa ne tsululu mai yawa, yana buƙatar ruwan gishiri da suga, fakiti ɗaya a lita ɗaya, kuma a sanar da likita. Ku koyi canjin jakar da hannunku tun kuna asibiti.

In an cire saifa, ku tambayi alluran rigakafin da ake yi wajen mako biyu bayan tiyata. Wanda ba shi da saifa zazzaɓin sauro da cutar huhu na kayar da shi da sauri har ƙarshen rayuwarsa, gidan sauro ya zama dole, kuma kowane zazzaɓi na asibiti ne a ranar.

Idan a ƙirji ne

Mafi yawan harbin ƙirji ba sa buƙatar a buɗe ƙirjin. Roba ake zurawa tsakanin haƙarƙari ta fitar da jini da iska zuwa kwalba mai ruwa, huhu ya sake buɗewa. Ruwan kwalbar shi ke hana iska komawa. Saboda haka kwalbar ta zauna ƙasa da ƙirjinsa a kowane hali, ko za a kai shi hoto kada a ɗora ta kan gado. Kada mai shara ko mai dubiya ya ture ta, kada ka zubar da ruwan da kanka. Za ka ga ruwan cikin robar na hawa da sauka tare da numfashinsa, haka ake so. In jini ja ya fara cika kwalba da sauri, ko numfashi ya sarƙe, ko wuya da fuska suka kumbura suna ƙaras-ƙaras in an taɓa, a kira. In robar ta fizge daga ƙirji, rufe ƙofar da ƙyalle mai tsabta ka ɗaga murya.

Shi da na tiyatar ciki duk ciwo na hana su jan dogon numfashi, majina ta taru, cutar huhu ta shiga. A ɗaga kan gado, duk awa ɗaya in yana farke ya ja numfashi mai zurfi sau 10, ya rungume matashi a kan ɗinkin ya yi tari. Hura balan-balan ma na taimakawa.

Idan ƙashi ya karye

Karayar harsashi ba irin ta faɗuwa daga babur ba ce. Ƙashin ya farfashe, kuma a buɗe yake ga datti. Shi ya sa ake kafa ƙusoshi a ƙashin a haɗa su da sandunan ƙarfe daga waje, don a samu damar wankin rauni. Kada a ɗaga ƙafar ta wajen riƙe ƙarfen sai an nuna maka yadda ake yi, kada a taɓa notinan. Gindin kowace ƙusa a duba kullum, ɗan ɓawo ba komai, amma mugunya, ja mai yaɗuwa ko ƙusa mai girgiɗi abin faɗa ne.

A kwana biyun farko ka kula da yatsu. In ciwo ya tsananta har allura ba ta kwantar da shi, ƙwauri ya yi tauri kamar icce, ya yi ihu in ka ɗan miƙar da yatsunsa, ko suka yi sanyi, suka dushe, ya daina jinsu, to kumburi ne ke shaƙe tsoka daga ciki. Awanni kamar 6 ke tsakanin ceto da rasa ƙafar, kuma maganin shi ne likita ya tsaga fatar ya saki matsin. Haka in simintin ɗaurin karaya ko bandeji ya matse.

Bayan mako biyu ko uku, kuɗi ya fara ƙarewa, ƙashi bai haɗe ba, sai a fara kawo shawarar a sa hannu a fitar da shi a kai wa mai ɗori. Masu ɗori na da wurinsu a zukatan mutane, amma ɗaure karare da tsumma a kan ƙashin da ke da buɗaɗɗen rauni hanya ce ta ruɓa, kuma da yawa daga irin waɗannan ƙafafun kan dawo asibiti sun yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa. Ƙashin ƙwauri da harsashi ya fasa kan ɗauki wata 4 zuwa 6, wani ya wuce haka, wani sai an ɗebo ƙashi daga ƙugu an cike giɓi. In asibitin da kuke ba shi da likitan ƙashi, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Maiduguri.

In jijiyar motsi ta taɓu, tafin ƙafa ko wuyan hannu ya saki, ba lallai ya tafi ke nan ba. Jijiya na tsirowa kimanin milimita ɗaya a rana, wajen santimita 3 a wata. Kafin ta iso, a sa abin tallafe a riƙa motsa gaɓar kullum, in ba haka ba za ta ƙage. In kuwa likitoci suka ce sai an yanke, ku tambayi dalili, ku nemi ganin babban likita, amma kada ku kwashe kwanaki kuna shawara alhali ruɓa na hawa. Bayan yankewa ƙasa da gwiwa kada a sa matashi ƙarƙashin gwiwar, in ta lanƙwashe ta ƙage ƙafar roba ba za ta zauna ba. Jin ciwo ko ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita abu ne sananne, ba taɓin hankali ba ne.

Gado kansa

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk awa 2, dare da rana: dama, baya, hagu. Wuraren da gyambo ke fara ci su ne ƙashin da ke saman mazaunai, gefen ƙugu, dunduniya da ƙeya. Ka duba su da haske safe da yamma. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, sai dai wurin ya fi duhu, ya yi zafi ko tauri. Zanen gado ya zama busasshe a miƙe, ba ƙunci ba ɓurɓushin abinci. A sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya a iska. In harbin ya taɓa ƙashin baya, mutum uku ko huɗu ne za su juya shi lokaci ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, bayan ma'aikata sun nuna.

Doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Wannan ne dalilin ƙaramar allurar da ake yi a fatar ciki, kada a bar sayenta don ganin ba ta maganin ciwo. Ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a matsa ta, kada a gasa, a sanar. Ranar da likita ya ce ya zauna ko ya taka, a taimaka masa ya yi ko yana ƙi, kuma masu gashin ƙashi in sun zo a riƙe abin da suka koyar a ci gaba bayan sun tafi.

Abinci da zafin ciwo

Jikin da ke gina sabon nama na buƙatar abinci mai gina jiki kusan ninki ɗaya da rabi na mai lafiya: mai kilo 60 na neman giram 75 zuwa 90 na sinadarin gina jiki a rana, alhali ƙwai ɗaya giram 6 yake bayarwa. Koko da burodi da lemon kwalba ba za su kai shi ba. A haɗa ƙwai biyu ko uku, alale ko faten wake, awara, kunun gyaɗa da madara, kindirmo mai tsabta, kifi, hanta, da zogale a miya, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Za ka ji masu cewa ƙwai da gyaɗa na sa ciwo ya yi ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, yunwa kuma ke hana rauni rufewa. Mai ciwon suga ko wanda ƙodarsa ta taɓu, nasa tsarin daga likita zai fito. Sigari na jinkirta haɗewar ƙashi da nama, a daina.

Mutanenmu in an ce “ya jiki?” amsar ɗaya ce, “da sauƙi”, ko da kuwa bai runtsa ba. Likita ya ji haka ya wuce. Kai da ka kwana da shi ka ce, “Likita, jiya bai yi barci ba, tun ƙarfe biyu yake nishi.” Dauriya a nan cutarwa ce, don mai jin zafi ba ya tari, ba ya motsi, ba ya ci. A ba da maganin ciwo kan lokaci, musamman rabin awa kafin wankin rauni. Farasitamol ga babba kada ya wuce giram 4 a yini. Dikulofenak da ire-irensa na iya taɓa ƙoda da tumbi ga wanda ya zubar da jini, kada a saya a ɓoye. Tiramadol da allurar fentazosin na kama mutum, a nemi likita ya tsara yadda za a rage su kafin sallama.

Masu dubiya, ibada da firgici

Dubiya lada ce, amma mutum ashirin a kan gado ɗaya nauyi ne. Biyu-biyu, minti kaɗan, a wanke hannu, ba zama a kan gado, mai mura ya yi addu'a daga waje. A hana su sa shi maimaita labarin harin. In wasu sun rasu a harin bai sani ba, kada ya ji a bakin ɗan dubiya. Wanda ya fi kusa da shi ya gaya masa a natse idan jikinsa ya daidaita, in ya tambaya kai tsaye kuma kada a yi masa ƙarya. 'Yan sanda in sun zo ɗaukar bayani, dokar ta ce ba za a tafi da shi ba sai shugaban asibiti ya tabbatar ya samu lafiyar hakan.

Salla tana nan gwargwadon iko, a zaune ko a kwance da nuni, da taimama in ruwa zai cutar. Mai jaka ko robar fitsari hukuncinsa na mai lalura ne, a kira malami ya kwantar masa da hankali. Azumi kuma an ɗauke masa har ya warke.

Mafarkin harin, zabura in an buga ƙofa ko taya ta fashe, saurin fushi, ƙin magana, duk ana ganinsu a makonnin farko, kuma ga mutane da yawa suna lafawa. A bar masa fitila da dare, a zauna kusa, in ya so magana a saurara, in bai so ba a ƙyale. Kada a ce masa “kai ba namiji ba ne?” In an wuce wata ɗaya abin bai ragu ba, ko ya daina ci, ko ya fara cewa gara ya mutu, a nemi likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitocin koyarwa da na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano. Matarsa da 'ya'yansa da suka ga abin da idonsu su ma a lura da su.

Ranar sallama

Kada ku fita sai kun riƙe takardar bayanin abin da aka yi masa a tiyata, hotuna, jerin magunguna da ranar daina kowanne, ranar cire zare, wanda a ciki yakan kai kwana 10 zuwa 14, da ranar dawowa ganin likita. Ku tambaya a fili: wa zai riƙa wanke raunin a garinmu, bayan kwana nawa, yaushe zai yi wanka, zai iya taka ƙafar ko sai da sanda, akwai sauran harsashi a jiki kuma a ina. Wanda aka buɗe wa ciki ba zai ɗauki jarkar ruwa, ya yi noma ko ya tuƙa babur ba na aƙalla mako 6, aiki mai nauyi kuwa sai wajen wata uku, in ba haka ba ɗinkin ciki zai saki ya bar ƙullutu.

A dawo ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba in an ga zazzaɓi, amai da kumburin ciki tare da tsayawar bayan gida, sabon jini, sarƙewar numfashi, taurin muƙamuƙi, ko kumburi mai bugawa kamar zuciya kusa da tabon. Mai karaya kuma, ko bayan wata shida ne aka ga ƙaramar ƙofa ta buɗe a tabon tana ɗigar da mugunya, ta rufe ta sake buɗewa, wani lokaci har da ɗan guntun ƙashi, to ƙashin ne ya kamu daga ciki. Kafso na kemis zai lafar da shi na mako biyu kawai, sai an yi hoto an shiga an cire mataccen ƙashin.